Daga ƙasar Kance zuwa Ingila: Yadda Hausar wani yaro ta buɗe tarihin littattafan Kirista

Tsauni ƙaramar hukuma ce ta karkara a yankin Matamaye na Jihar Damagaram, a kudancin Jamhuriyar Nijar, dab da iyakar Najeriya. Ƙasa ce ta gero da dawa da gyaɗa, da itatuwan gawo a tsakiyar gonaki. Kusan duk mazaunanta Musulmi ne, kamar sauran sassan Nijar, inda ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna Kiristoci ba su kai kashi ɗaya cikin ɗari ba.

Saboda haka idan ana maganar littattafan Kirista na Hausa, hankali ya fi tafiya Jos ko Wusasa ta Zariya. Amma tushen labarin yana nan maƙwabtaka da Tsauni. A ƙauyen Dambanas da ke ƙasar Kance aka haifi yaron da aka saurari Hausarsa wajen fassara sassan farko na Littafi Mai Tsarki da aka buga a Landan, fiye da shekara 160 da suka wuce. Sunansa Dorugu.

Kalmomin da Kirista mai jin Hausa yake ibada da su a yau, musamman alheri da ƙauna, ba a jirgin ruwa aka kawo su ba. A bakin Hausawa aka same su, kuma yaron Dambanas na cikin na farko da aka tambaya.

Bawan da ya ƙetare Sahara

An haifi Dorugu wajen shekarar 1840. Yana yaro mahara suka kama shi, aka bi da shi ta Zinder, ya yi ta sauya iyayengiji har ya tsinci kansa a Kukawa, babban birnin Borno a lokacin. A can ne Adolf Overweg, Bajamushe mai binciken ƙasa, ya 'yanta shi, kamar yadda ya 'yanta wani matashi Bamargi mai suna Abbega.

Da Overweg ya rasu kusa da Tafkin Chadi a 1852, sai yaran biyu suka koma hannun abokin tafiyarsa, Heinrich Barth, wanda aka fi sani da Abdulkarim a ƙasashen da ya ratsa. Da shi suka bi ta Zinder da Katsina da Sakkwato har Tumbutu, suka dawo Borno, sannan suka ƙetare Sahara zuwa Tarabulus. A 1855 suka isa Ingila. Dorugu bai wuce shekara 16 ba a lokacin.

A Ingila akwai wani limamin Kirista, shi ma Bajamushe, James Frederick Schön, na ƙungiyar mishan ta CMS. Ya shiga ayarin da Birtaniya ta tura Kogin Kwara a 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya kuma fitar da ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Sai dai bai taɓa zama a ƙasar Hausa ba. Abin da ya sani ya tsinta ne daga bakin Hausawan da ya gamu da su a Saliyo da gaɓar Kwara. Zuwan Dorugu ya zame masa faɗuwa ta zo daidai da zama.

Dorugu ya zauna a gidan Schön a yankin Chatham, yana ba shi labarin rayuwarsa da tatsuniyoyi da karin magana, shi kuma yana rubutawa. A wannan zama aka yi masa baftisma, aka sa masa suna James Henry. A 1857 aka buga Linjilar Matiyu da Hausa, a 1858 aka buga Littafin Farawa. Nahawun Hausa na Schön ya fito a 1862, ƙamusunsa a 1876, Sabon Alkawari ya kammala a 1880, sannan Magana Hausa, wanda ya ƙunshi labarin Dorugu daga bakinsa, ya fito a 1885.

Aikin ya jawo wa Schön lambar yabo ta Volney daga Faransa a 1877. Dorugu kuwa ya koma Afirka tun 1864. A ƙarshen rayuwarsa ya koyar a makarantar boko da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909. A Kano ya rasu a 1912.

Fassarar Schön ba ta yi nisa a hannun masu karatu ba. Hausar yaro ce da ya bar gida da wuri, kuma rubutun bai bambanta baƙaƙe irin su ƙ da k, ko ɗ da d ba, abin da kan sauya ma'anar kalma gaba ɗaya. Duk da haka ita ce harsashin da na baya suka ɗora gini a kai.

Daga Wusasa zuwa bugun 1932

Wanda ya ɗauki aikin daga nan shi ne Dakta Walter Miller, likita ɗan Ingila na CMS, wanda ya fara koyon Hausa a Tarabulus a wurin Hausawan da ke can. Yana cikin ayarin Bishop Herbert Tugwell da ya isa Kano a 1900, Sarki Alu ya ba su wa'adi su fice. Miller ya samu wurin zama a birnin Zariya a 1905, daga baya mishan ɗin ya koma Wusasa a 1929.

Shekaru aka kwashe ana zaman gyara tsakanin Miller da wakilan wasu ƙungiyoyin mishan da Hausawan da suke yi musu jagora a harshe. A 1932 ƙungiyar buga Baibul ta Birtaniya ta fitar da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Wato ya riga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939, da shekara bakwai.

Duk wanda ya buɗe littafin zai ga masu fassarar ba su ƙirƙiro sabon harshe ba. Sun ɗauki Allah da Ubangiji, Attaura da Zabura, annabi da mala'ika, zunubi da tuba da gafara, kalmomin da ƙasar Hausa ta daɗe da sani ta hanyar Musulunci. Bishara ma daga Larabci take. Inda aka rabu shi ne suna: Musulmi na cewa Annabi Isa, fassarorin da coci-coci ke karantawa na cewa Yesu.

Littafin ya wuce ƙasar Hausa. Ƙabilun Filato da Kudancin Kaduna da Bauchi da Adamawa da Borno, waɗanda kowacce ke da harshenta, da Hausa suka haɗu a coci. Shi ya sa har yau sunayen manyan ɗarikun Arewa da Hausa suke, irin su Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya da Tarayyar Ekklesiyoyin Kristi a Nijeriya, haka ma ƙungiyar Zumuntar Mata.

Yadda littattafan suka dawo Damagaram

A 1924 ƙungiyar SIM, wadda aka kafa a 1893, ta buɗe tasharta ta farko a Nijar a birnin Zinder, garin da aka taɓa ratsawa da Dorugu yana bawa. Bayan 'yan shekaru ta buɗe wata a Tsibiri kusa da Maraɗi, daga baya kuma a Dungas da wasu garuruwa. Asibitin Galmi ya fara aiki a 1950, na kutare a Danja ya biyo baya a 1956. Daga wannan aiki ne cocin EERN ta fito a daidai lokacin samun 'yancin kan Nijar.

Akwai wata sarƙaƙiya a nan. Gwamnatin mulkin mallaka ta Faransa da Faransanci take son a yi makaranta. Su kuwa 'yan SIM galibinsu daga Kanada da Amurka da Ingila suka fito, Hausa ce harshen aikinsu, kuma cibiyarsu tana Jos. Don haka cocin farko a kudancin Nijar da littattafan Najeriya ta tashi: Littafi Mai Tsarki na 1932, da Littafin Waƙoƙi, da ƙananan littattafan koyon karatu. Masaniyar tarihi Barbara Cooper ta bibiyi wannan labari a littafinta kan Kiristocin Maraɗi da ya fito a 2006.

A ɓangaren Najeriya harkar ta bunƙasa. Madaba'ar Niger Press ta SIM ta yi ta fitar da littattafai, mujallar African Challenge ta fara fita a 1951, cocin ECWA ta kafu a 1954, kantunan littattafai na Challenge suka bazu a biranen Arewa. Rediyo ma ta shigo: gidan ELWA daga Laberiya ya watsa shirye-shiryen Hausa, haka ma Muryar Bishara, wadda ake haɗa shirye-shiryenta a Jos ana watsawa daga Addis Ababa, har zuwa 1977 da gwamnatin sojan Habasha ta ƙwace tashar.

A 1979 Ƙungiyar Baibul ta Najeriya ta fitar da sabuwar fassara da Hausar da ta fi kusa da ta yau. Ƙungiyar Biblica kuma ta fitar da tata mai suna Sabon Rai Don Kowa a 2009, ta sabunta ta a 2020.

Alherin da ba a biya

A gidajen Kirista da yawa ibadar safe ba ta da tsawo: a yi waƙa ɗaya, a karanta 'yan ayoyi, a ji ɗan bayani, a yi addu'a, kowa ya kama harkarsa. Don irin wannan zama ake buga littattafan ibadar kullum, kamar Abincin Yini na ECWA, inda kowace rana ke da nassinta da darasinta. Batutuwan kan sauya, amma kalmomi biyu ne ba sa ɓacewa: alheri da ƙauna.

Alheri asalinta Larabci ce, kuma ta zauna a Hausa tun kafin wani ɗan mishan ya tako ƙasar. Bahaushe na cewa alheri gadon barci ne. Yana kuma cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Duka karin maganar biyu mai yin alherin suke kallo: abin da ya shuka zai girba, ko ba daɗe ko ba jima.

Masu fassara sun ɗauki wannan kalma suka ɗora mata wani nauyi. A koyarwar Kirista, musamman a wasiƙar Bulus zuwa ga Afisawa sura ta 2, alheri shi ne tagomashin da Allah ke yi wa mutumin da bai cancanta ba, bai saya da aikinsa ba, ba kuma zai iya ramawa ba. A nan hankali ya bar kan mai bayarwa da ladan da zai samu, ya koma kan mai karɓa da hannunsa wofi.

Misalin da ya fi zama daidai da rayuwar manomi yana Matiyu sura ta 20. Wani mai gona ya ɗauki 'yan ƙodago da sassafe, ya ƙara wasu da hantsi, wasu da tsakar rana, wasu kuma dab da faɗuwar rana. Da aka zo biya, kowa ya samu kuɗi daidai. Waɗanda suka sha rana tun safe suka yi gunaguni, mai gonar ya tuna musu bai rage musu ko anini daga abin da suka yi jinga ba, abin da ya ba na ƙarshen kuwa kyautarsa ce. Duk wanda ya taɓa yin ƙodago ya san dalilin fushin na farkon, kuma darasin a wannan fushin yake.

Na biyu yana Luka sura ta 15. Ƙaramin ɗa ya karɓi rabonsa na gado tun uban yana raye, ya tafi wata ƙasa mai nisa ya ɓarnatar, yunwa ta sa shi kiwon aladu. Ya kamo hanyar gida da niyyar roƙon a ɗauke shi bara. Uban ya hango shi tun daga nesa, ya sheƙa ya tarye shi, ya sa aka yi yanka. Wansa da bai taɓa barin gona ba ya ƙi shiga wurin walimar. Ɗan ci-ranin da ya taɓa tsayawa a tasha yana jin kunyar shiga gida hannu rabbana ba ya buƙatar a yi masa dogon sharhi a kan wannan labari.

Ita kuwa ƙauna, ko ƙamna a bakin mutanen yamma da dattawa, an zaɓe ta ne a kan so. Bahaushe na son tuwo, yana son budurwa, yana son kuɗi. Ƙauna ta fi nauyi, ita ce ta uwa da ɗa, wadda ba ta jiran a biya ta. Da ita aka fassara Yohanna 3:16, ayar da yara ke fara haddacewa, da ita kuma aka fassara umarnin da ke Matiyu sura ta 5 na a ƙaunaci maƙiyi.

Shi ya sa sunaye irin su Alheri da Ƙauna da Godiya da Murna suka yawaita a gidajen Kiristoci masu jin Hausa, daga Maraɗi har Mubi.

Kalmomin na kowa ne, amma aƙida ta bambanta. Musulmi ma na maganar rahama da falala da ni'imar Allah waɗanda bawa ba zai iya ƙirgawa ba. Kirista yana ɗaure alherin Allah da mutuwar Yesu a kan gicciye da tashinsa, abin da Musulunci bai yarda da shi ba. Maƙwabta biyu kan yi sallama da "sai alheri", kowa da abin da yake nufi a zuciyarsa, kuma an daɗe ana zaune a haka.

Ranar da aka gwada kalmomin

Ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015 zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatanci na mujallar Charlie Hebdo ta Faransa ta rikiɗe zuwa tarzoma a Zinder. An ƙona cibiyar al'adun Faransa, an ƙona coci-coci, ciki har da na Katolika da makarantarsa, an kuma farfasa gidaje da shagunan Kiristoci. Wasu iyalai sai a barikin soja suka samu mafaka.

Washegari wutar ta isa Yamai, inda 'yan sanda suka ce an ƙona coci 45. Mutum 10 suka mutu a biranen biyu, gwamnati ta ayyana zaman makoki na kwana uku. Shugaban ƙasa na lokacin, Mahamadou Issoufou, ya fito ya ce masu ƙona wuraren ibada da tsananta wa 'yan uwansu Kiristoci ba su fahimci Musulunci ba.

Kiristocin Nijar ba su da hannu a zanen da aka yi a Paris. A cikin abin da wuta ta cinye akwai littattafan ibada da na waƙoƙi, waɗanda ba a saye su a kowace kasuwa. Amma a cikin kwanakin an samu Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kiristoci a gidajensu, an kuma ji shugabannin coci, na Katolika da na sauran ɗariku, suna kiran mabiyansu da su yafe, kada su rama.

A wancan mako ma'anonin alheri biyu suka haɗu a unguwa ɗaya. Wanda ya buɗe wa maƙwabcinsa ƙofa ya yi alherin da Bahaushe ya gada. Wanda aka ƙona wa coci aka ce ya yafe, an nemi ya aikata abin da yake karantawa kowace safiya, ga mutumin da bai ma nemi gafara ba.

Wa zai rubuta, wa zai karanta?

Matsalar da ta faro tun zamanin Faransa ba ta kau ba. Yaron da ya shiga makarantar gwamnati a Tsauni ko Matamaye galibi da Faransanci yake koyon baƙaƙe, inda ake rubuta sautin u da ou, shi ya sa ma sunan garin ya zama Tsaouni a takardun hukuma. Idan aka miƙa masa littafin da aka buga a Jos ko Zariya, sai ya sake koyon karanta harshen da ya tsotsa a nono. Ko a ƙa'idar rubutun Hausa akwai ɗan bambanci: Nijar na amfani da harafin ƴ, Najeriya na rubuta 'y. Ga kuma manya da fiye da rabinsu ba sa karatun boko ko kaɗan.

Sai batun hanya. Kayan da ke fitowa daga Kano zuwa Damagaram kan bi ta Daura da Kongolam, su shiga ta Ɗan Barto zuwa Matamaye. Da ECOWAS ta ƙaƙaba wa Nijar takunkumi bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, an rufe iyakar tsawon watanni, sai a Maris 2024 Najeriya ta ba da umarnin buɗe nata ɓangaren. Al'ummar da littattafanta na tsallaken iyaka ne, duk abin da ya taɓa iyakar ya taɓa ta.

Wayar hannu ta rage wani abu daga wannan nauyi. Fassarorin Hausa suna cikin manhajoji irin su YouVersion, akwai kuma waɗanda aka naɗa da murya don wanda ba ya karatu. Ɗan Nijar da ke aikin gini a Aljeriya ko Libiya, inda riƙe littafin a fili ba abu ne mai sauƙi ba, yana iya sauraron sura guda da abin sawa a kunne. Sai dai waya na buƙatar caji da kuɗin intanet, waɗanda a ƙauye ba kullum ake samu ba.

A Maris 2025 kundin sake fasalin ƙasa da gwamnatin Janar Abdourahamane Tiani ta ƙaddamar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ya mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki. Idan matakin ya sauka daga takarda ya shiga aji, za a samu yara masu karanta Hausa kai tsaye, kuma za su nemi abin karantawa. Wannan buƙata ba ta coci kaɗai ba ce. Ta shafi mai wallafa littafin fiƙihu, da marubuciyar labarin soyayya, da mai rubuta wa manomi yadda zai adana wakensa.

Cikin abin da ya dace ya isa hannun waɗannan yara akwai labarin ɗan ƙasarsu. Abin da Dorugu ya faɗa wa Schön ba wa'azi ba ne. Labarin bauta ne, da ƙishirwar Sahara, da yadda yaron ƙauye ya zura ido yana kallon cin abincin Turawa da ɗabi'unsu. Yana cikin tarihin rayuwa na farko da aka rubuta da Hausar boko. Anthony Kirk-Greene da Paul Newman sun fassara shi zuwa Ingilishi a 1971, masana a jami'o'in Turai da Amurka suna ta nazarinsa tun daga lokacin. Asalinsa kuwa da Hausar ƙasar Kance aka faɗe shi, wadda ake yi yau a kasuwar Matamaye da gonakin Tsauni.